Matan da Aka Kora Su Kafa Gari

Yekuwa gari ne da ya san korarru. A farkon ƙarni na 19, bayan mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku sun ci Daura, sarkinta, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, ya sha yawo a ƙasashen arewa kafin ya yada zango a Yekuwa. Daga wannan fitar ce sarautun Zango da Baure suka samo tushe, har zuwa 1906 da Turawan Ingila suka mai da Malam Musa kan gadon Daura. Maroƙa sun riƙe jerin sarakunan nan, wane ya gaji wane, wane ya tashi daga nan ya koma can. Abin da jerin ba ya ɗauka shi ne hannun da ya mai da zangon gudu ya zama gari. Taron mazaje da dawaki sansani ne kawai. Sai an kafa murhu, an ɗebo ruwa, an haihu an yi suna, an yaye an aurar, sannan wuri yake zama mazauni. Gwamnatocin Turai da suka ƙirƙiro hukuncin kwasar fursunoni zuwa bayan teku sun san wannan sarai, kuma a kansa suka gina manufarsu. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, matan da Ingila ta tura Ostiraliya daga 1788, da waɗanda Faransa ta tura Giyana daga baya, bukatar mata a wurin da ake son ya zama gari ce ta kai su can, fiye da girman laifinsu. Hukumar da ta bukace su a matsayin matan aure da 'yan aikin gida da iyaye kuwa, ita ce ta rubuta su a takarda da sunan karuwai, ita ce kuma ta hana su iko da 'ya'yan da suka haifa.

Tun dokar 1718 Ingila take zubar da masu laifinta a Amurka, inda ta tura kimanin mutum 50,000 kafin yaƙin neman 'yanci ya rufe wannan ƙofa a 1775. Gidajen kaso suka cika, aka koma tsare mutane cikin tsofaffin jiragen ruwa a kan kogi. Afirka ta Yamma aka fara dubawa. A 1782 an tura wasu fursunoni a matsayin soja zuwa ganuwowin Ingilishi na gaɓar Ghana ta yau, cuta ta ci da yawansu, a 1785 kuma aka yi shawarar zuba wasu a tsibirin Lemain cikin kogin Gambiya, wanda yanzu ake kira Janjanbureh, sannan aka fasa don tsoron zazzaɓi. Ranar 13 ga Mayu 1787 jirage goma sha ɗaya suka tashi daga Portsmouth ƙarƙashin Arthur Phillip, suka isa inda birnin Sidni yake yau a Janairun 1788, ɗauke da fursuna sama da 700, kusan 190 daga cikinsu mata. Daga nan zuwa 1868 an kwashi kimanin mutum 162,000, mata wajen 25,000, kusan rabinsu zuwa tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya.

Hujja mafi ƙarfi a kan dalilin tura matan ta fito daga bakin hukumar da kanta. A 1812 wani kwamitin majalisar dokokin Ingila ya bayyana yadda ake zaɓen waɗanda za a ɗora wa jirgi. A ɓangaren maza, an fi ɗaukar waɗanda aka yanke wa shekara goma sha huɗu ko ɗaurin rai da rai, da waɗanda suka gagari masu gadi. A ɓangaren mata kuwa, duk wadda aka yanke wa hukuncin kora ana tura ta, muddin tana da lafiya kuma ba ta wuce shekara 45 ba. Ma'aunin namiji laifinsa ne, ma'aunin mace jikinta ne da shekarun haihuwarta. Tun kafin haka, umarnin da aka ba Phillip ya ƙunshi ya nemo mata daga tsibiran tekun Fasifik don mazan da ya kai, shi ne ya ƙi, yana ganin baƙin ciki zai kashe su. A Yunin 1790, mutanen Sidni suna cikin yunwa suna jiran jirgin abinci, sai ga jirgin Lady Juliana da mata sama da 200, cikinsu har da yarinya Mary Wade, wadda aka yanke wa hukuncin kisa don ta ƙwace tufafin wata yarinya, aka sassauta shi zuwa kora. Yadda ake yi da matan idan jirgi ya tsaya ma yana rubuce. A 1809 ministan da ke kula da ƙasashen mallaka, Castlereagh, ya rubuta wa sabon gwamna Lachlan Macquarie cewa labari ya zo masa ana miƙa matan ga duk wanda ya nema, ɗa ko fursuna, ba tare da tantancewa ba. Macen da ba a tanadar wa ɗakin kwana ba, a garin da maza suka ninka mata sau da yawa, idan ta zauna da wanda ya ba ta rufi da kariya, ta yi abin da halin ya bar mata ne.

Daga nan ne mummunan sunan ya fito. A 1806 limamin cocin Ingila a yankin, Samuel Marsden, ya zauna ya jera matan mazaunin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta 395 a matsayin matan aure, 1,035 a matsayin masu zaman dadiro. Lissafin ya isa Landan, aka riƙa kafa hujja da shi shekara da shekaru. Amma Marsden bai ƙidaya aure ba sai wanda cocinsa ya ɗaura, don haka auren 'yan Katolika da na Yahudawa bai shiga ba, haka macen da ta shekara goma da miji ɗaya da 'ya'ya biyar a ɗakinta. Talakawan Ingila da Ailan da yawa tun a gida haka suke zama, ba tare da sun je gaban limami ba. Wasu matan kuma doka ce ta hana su aure, domin suna da miji a can gida wanda ba za su ƙara gani ba har abada. A 1838 kwamitin majalisar dokoki ƙarƙashin Molesworth ya maimaita hukuncin, ya kwatanta kusan dukansu da mashaya kuma karuwai. Alhali karuwanci bai taɓa zama laifin da ake kora a kansa ba. Mafi yawansu sata ce ta kawo su, ta ƙyalle, ko agogo, ko cokali, ko kayan uwar ɗaki da aka kai jingina, kuma binciken Deborah Oxley na 1996 a kan takardun jiragen ya nuna galibinsu 'yan aikin gida ne, masu wanki, masu ɗinki, masu tatsar nono, da yawansu sun iya karatu. Irin hannuwan da sabon gari ke nema ke nan.

Labarin Susannah Holmes ya isa ya nuna yadda iyali yake a idon wannan tsari, da yadda yake a idon masu shi. An tsare ta a kurkukun Norwich saboda sata, a nan ta haɗu da Henry Kable, suka haifi ɗa a 1786. Da aka zo ɗaukar mata zuwa jirgi aka zaɓe ta aka bar Henry, a bakin ruwa kuma kyaftin ya ƙi karɓar jaririn, ya ce babu shi a takardarsa. Mai gadin da ya rako ta, John Simpson, shi ne ya rungumi jaririn ya hau keken doki zuwa Landan, ya tare ministan cikin gida Lord Sydney, ya roƙe shi har ya sa hannu a haɗa uwa da ɗa, a kuma kawo uban. Jaridu suka ɗauki labarin, jama'a suka tara musu kaya na kimanin fam ashirin. An ɗaura musu aure a Sidni ranar 10 ga Fabrairu 1788, kwanaki kaɗan bayan an sauke mata. Da suka nemi ƙunshin kayansu aka ce ya ɓace a jirgin Alexander, sai suka kai ƙarar kyaftinsa Duncan Sinclair a watan Yuli, kotu ta ba su fam goma sha biyar. Wannan ita ce shari'ar neman hakki ta farko a tarihin Ostiraliya, kuma fursunoni biyu ne suka shigar da ita, waɗanda a dokar Ingila ba su da ikon kai ƙarar kowa. Abin lura a nan shi ne, babu wani sashe na doka da ya haɗa wannan iyali. Tausayin mai gadi ɗaya ne. Dubban matan da ba su sami irinsa ba sun bar 'ya'yansu a hannun dangi ko gidajen gajiyayyu, domin ƙananan yara ne kawai aka fi yarda uwa ta hau jirgi da su, kuma hukuncin shekara bakwai a zahiri na har abada ne, tunda gwamnati ba ta biyan kuɗin komawa, mace kuwa ba ta iya yin aikin jirgi ta biya wa kanta kamar namiji.

Inda tsarin ya fi nuna ainihinsa shi ne gidajen aikin mata. Na Parramatta, kusa da Sidni, an buɗe shi a 1821 don mata 300, amma a 1842 yana ɗauke da sama da 1,200 da yara fiye da 250. Gida ɗaya ne ya haɗa kurkuku da masaƙa da asibitin haihuwa da wurin ɗaukar 'yan aiki, har da wurin neman aure, inda manomi ko tsohon fursuna zai zo da takardar izini a jera masa mata ya zaɓa. Wadda ta yi laifi ana aske mata kai, hukuncin da suka fi ƙi, kuma a Oktoban 1827 da aka rage musu abinci sun fasa ƙofa sun bazu cikin gari. Na Cascades a Hobart ta Tasmaniya, wanda ya yi aiki daga 1828 zuwa 1856, tsohon wurin dafa barasa ne a cikin kwari mai sanyi da damshi a gindin dutse. Ƙa'idarsa ita ce, macen da aka tura aiki gidan wani ta yi ciki, a dawo da ita nan ta haihu, a bar ta ta shayar wata shida, daga baya aka mai da shi tara, sannan a cire jaririn daga nono, ita kuma ta yi wata shida a sashen masu laifi saboda cikin. Duk uwar da ta san abin da yaye yake, da yadda a ƙasarmu ake kai yaro kusan shekara biyu kafin a raba shi da nono, ba sai an gaya mata abin da ya biyo baya ba. Gudawa ta riƙa kwasar jariran, har a 1838 jaridun Hobart suka yi ca a kan mace-macen, aka kwashe ɗakin renon zuwa wani gida a cikin gari, mutuwar ba ta tsaya ba. Yaron da ya tsira, yana kai shekara biyu ko uku sai a kai shi gidan marayu na New Town, alhali uwarsa tana raye, tana wanke kwanukan wani gida a tsibirin nan, kuma ba za ta karɓe shi ba sai ta sami takardar sassauci da shaidar tana iya riƙe shi, wanda sau da yawa yana nufin sai ta yi aure. Mary McLauchlan ta bar miji da 'ya'ya mata biyu a Glasgow, ta iso a 1829, aka ba da ita aikin gida, ta yi ciki, aka mai da ita Cascades, aka tsinci jaririnta a mace. A Afrilun 1830 aka rataye ta, mace ta farko da aka yi wa haka a tsibirin. Ba a tuhumi wanda ya yi cikin da komai ba.

Mai musu zai ce ai ɓarayi ne, kuma wanda aka yi wa sata ma yana da hakki. Gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a mai da su waliyyai. Da yawansu ba satar farko ba ce ta kai su jirgi, wasu sun yi wa talakawa irinsu, akwai kuma ƙalilan masu kisan kai. Sai dai alƙali kora ya yanke musu ta shekara bakwai ko goma sha huɗu. Bai yanke a miƙa mace ga baƙon namiji ba, bai yanke a cire mata jariri daga ƙirji ba, bai yanke wa 'ya'yan da aka bari a Cork ko Glasgow maraici ba. Waɗannan duka ƙari ne da bukatar mazaunin ta ɗora a kan hukuncin, kuma ƙarin ya fi asalin nauyi.

Musu na biyu ya fi wannan ƙarfi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Za a ce da yawansu sun fi samun rayuwa a can. Molly Haydock, wadda aka kama tana 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu da dokin sata, sanye da kayan maza, ta iso Sidni a 1792, ta auri Thomas Reibey, ya mutu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya bakwai, ta riƙe kasuwancinsa na jirage da rumbuna ta haɓaka shi, har bankin farko na yankin ya buɗe a gidanta a 1817. Yau hotonta ne, da sunan Mary Reibey, a kan takardar dala ashirin ta Ostiraliya. Esther Abrahams, Bayahudiyar da ta zo a ayarin farko da jaririya saboda satar leshi, ta zama uwargidan hafsa George Johnston, ta gudanar da manyan gonaki. A shekarun yunwar Ailan, ƙarshen 1840 da farkon 1850, akwai 'yan matan da suka cinna wa ɗaki ko tarin ciyawa wuta da gangan, suka faɗa wa alƙali don a kore su suka yi. Kuma John Thomas Bigge, wanda Landan ta aiko bincike, rahotonsa na farkon shekarun 1820 ya shaida cewa 'ya'yan fursunonin da aka haifa a can ba su gaji halin da ake jingina wa iyayensu ba. Duk wannan gaskiya ne, amma a duba abin da yake nunawa. Idan yarinya ta zaɓi jirgin fursuna a kan garinsu, shaida ce a kan yunwar garin. Idan 'ya'ya suka tashi da natsuwa, shaida ce a kan tarbiyyar iyayen da Marsden ya rubuta da sunan 'yan dadiro, don haka hujjar tana rushe lissafinsa ne, ba ta wanke tsarin ba. Nasarar Mary Reibey ta fito daga ƙwazonta da dacen miji, kuma ana tuna sunanta ne saboda irinta ba su da yawa. A gefenta akwai Mary Bryant, wadda a Maris 1791 ta tsere a ƙaramin kwale-kwale da mijinta da 'ya'yanta biyu da wasu maza bakwai, suka yi sama da wata biyu a teku, tafiyar fiye da kilomita 5,000, har Kupang a tsibirin Timor. An gane su, mijin da ɗan suka mutu a Batabiya, 'yar ta mutu a jirgi, ta isa Ingila ita kaɗai daga iyalinta, aka yafe mata a 1793. Uwa ba ta ɗora jariri a kan irin wannan ruwa idan inda take zaune rahama ne. Akwai kuma wani lissafin da masu wannan musu ke tsallakewa: gonakin da tsofaffin fursunoni suka samu ƙasar wasu ce. Agana ta kashe ɗimbin 'yan asalin yankin Sidni a 1789, a Tasmaniya kuma yaƙin shekarun 1820 ya ƙare da kwashe ragowar mutanen zuwa tsibirin Flinders. Matan da aka raba da 'ya'yansu an yi amfani da su wajen cika ƙasar da ake raba wasu matan da nasu.

Faransa, wadda ta mallaki Damagaram, ta kalli Ostiraliya ta yi sha'awa, kuma ita ba ta ɓoye niyyarta ba. Dokar 30 ga Mayu 1854 ta kafa korar masu manyan laifuka zuwa Giyana, a Amurka ta Kudu, tare da sharaɗin cewa wanda ya gama wa'adinsa sai ya sake zama a can gwargwadon shekarun da ya yi, ko har mutuwa idan hukuncin ya kai shekara takwas. Don waɗannan mazan su zauna su yi noma, aka shiga gidajen kason mata ana neman masu son tafiya. Ayarin farko ya isa a 1859, aka ajiye su a Saint-Laurent-du-Maroni a hannun matan zuhudu na ƙungiyar Saint-Joseph de Cluny, inda fursunan da aka ba fili zai zo ya gana da wadda ya zaɓa a gaban mai sa ido, a ɗaura aure. Haka aka yi a Bourail, a Sabuwar Kaledoniya. Dokar 1885 ta ƙara da masu maimaita ƙananan laifuka, matan da talauci ya riga ya cinye. A Giyana zazzaɓi ya kashe mata da jarirai, garuruwan manoman da aka yi mafarki ba su tsaya ba, aka daina tura mata a 1907. Da laifi ne dalilin tura su, da ba a daina ba, domin an ci gaba da tura maza har 1938. An daina ne da aka ga haihuwar da ake nema ba ta samu ba.

Mai karatu a Magarya ko Kano zai iya cewa wannan labarin Turawa ne da 'yan uwansu, kuma ba a taɓa kafa mazaunin fursunoni mata a ƙasar Hausa ba. Haka ne, kuma ban haɗa kora da bauta a ma'auni ɗaya ba, domin 'yar fursuna a Sidni 'ya ce tun ranar haihuwarta, wa'adin uwarta kuma yana da ƙarshe. Amma tunanin da ke cewa macen da ta faɗa hannun hukuma abin rabawa ce ya iso nan tare da masu shi, ya kuma tarar da irinsa a gida. A Maris 1906, bayan mutanen Satiru kusa da Sakkwato sun karya rundunar Ingilishi a watan Fabrairu, an dawo an shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka kora mata da yara kimanin 3,000 zuwa Sakkwato, aka rarraba da yawansu a gidajen manya, babu wadda aka gurfanar gaban alƙali. Gwamnatin Lugard, wadda ta shelanta cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ta buɗe gidajen 'yantattun bayi a Zungeru da Barno, inda ake koya wa 'yan mata wanki da ɗinki, sannan a ba da su aikin gida ko a aurar da su ga ma'aikata da 'yan sanda da soja. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna cewa cikin dubban matan da aka rubuta an 'yanta a kotuna a shekarun farko na mulkin Turawa, da yawa fansarsu aka biya don su koma ɗakin wanda ya biya, a matsayin mata ko sa-ɗaka. A wannan shekara ta 1906 ce Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Bassa bisa zargin makirci suka kai shi Kwaddibuwa, kamar yadda Ingilishi suka tara sarakunan da suka tuɓe a Lakwaja, irin su Alu na Kano da Kwasau da Aliyu ɗan Sidi na Zazzau. Takardar korar sunan mutum ɗaya take ɗauka, amma gidan sarki gida ne na mata da kuyangi da yara, kuma ko sun bi shi ko an bar su a baya, hukuncin ya hau kansu ba tare da an tuhume su da komai ba.

Fiye da shekara ɗari jikokin matan Ostiraliya suna ɓoye asalinsu. Iyalai sun riƙa cewa kakarsu da kanta ta biya jirgi ta zo, domin sunan da Marsden da Molesworth suka laƙaba ya fi wa'adin hukuncin daɗewa. Abin ya juya ne daga shekarun 1970, lokacin da masu bincike irin su Anne Summers, da Portia Robinson, da Babette Smith wadda ta bi sawun mata ɗari na jirgi guda da ya iso a 1829, suka koma kan takardun da masu gadi suka rubuta, suka karanta su da wata tambaya dabam. Littafin da aka buɗe don a lissafa laifin mace, a ciki ne aka sami garinsu, da sana'arta, da tsayinta, da tabon da ke hannunta, da yawan 'ya'yan da ta bari. Bargon da matan jirgin Rajah suka ɗinka a teku a 1841, da ƙyallaye da allurar da ƙungiyar Elizabeth Fry mai taimakon fursunoni mata ta ba su, yana ajiye a gidan adana zane-zane na ƙasa a Kanbera, a 2010 kuma UNESCO ta sa gidan Cascades cikin wuraren tarihin duniya. Mu ma muna da irin waɗannan takardu. Rajistocin 'yantattun bayi da Ingilishi suka tilasta a riƙe suna ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, da sunan mace da ƙabilarta da shekarunta da wanda aka miƙa ta gare shi, akwai littattafan shari'a na majalisar Sarkin Kano, rahotannin kwamandojin Faransa kuma suna Yamai da Dakar da Aix-en-Provence. Abin da ya hana a buɗe su da tambayar da ta dace shi ne abin da ya hana 'yan Ostiraliya a da: a garuruwanmu har yau ana bincika asali kafin a ba da aure, kuma gidan da kakarsa ta shigo ta hanyar yaƙi ko fansa ya fi son a yi shiru. Gorin da ake tsoro kuwa yana sauka ne a kan wadda aka kora da jikokinta, gidan da ya karɓe ta a rabo kuma ba a tambayarsa komai.